Gasasshiyar Tuffar Goggo

Zafin Riyad na fara sauka, sai ga wayar Madam ɗin da Goggona ta yi wa girki har ta rasu. Ko ta'aziyya babu, wai tana da baƙi, in faɗa mata yadda Goggo ke gasa tuffa.

Na tuna Goggo tana tsoma kumburarrun yatsunta a ruwan ƙanƙara kafin ta murza bota da fulawa ta barbaɗa a kai, kicin duk ƙamshin kirfa. "Hannu mai ɗumi narkar da bota yake, 'yar nan."

Na faɗa wa Madam komai, ina haɗiyar zagi, don iƙamar baban yarana, takardar izinin zamansa a Saudiyya, tana hannun mijinta.

Allah ya ba Goggo hutun da suka hana ta.