Dattawan Ɗaya ga Janairu

Idan aka tambayi Malum Shu'aibu, mai sayar da atamfa a kasuwar Garwa, aikin 'yarsa Ramatu, sai ya ce, "Danne-danne take yi." Duk shekarun da ta kwashe tana koyon gina shafukan intanet, iyakar ladanta ke nan a bakinsa.

Ƙungiyar su Malum ta 'yan kasuwa ta ba ta aikin shafi, ta sa sunan kowa da ranar haihuwarsa. Nan aka samu cikas. Dattawan ƙungiyar babu wanda ya san ranarsa, katinsu shekara kawai ya nuna, "wajen 1952". Rumbun bayanai kuwa bai san "wajen" ba, sai rana da wata. Ramatu ta yi abin da 'yan sana'ar suka saba, ta ba su ɗaya ga Janairu kaf.

To, a ƙungiyar nan babba ke buɗe taro, shi ke raba goro. Da shafin ya jera mutane bisa shekaru, sai ya mai da Malum da abokinsa Alhaji Dawuda tagwaye, ya ɗora Dawuda a sama. Dawuda, gwanin tsokana, ya haye kujerar gaba yana shafa gemu. Malum ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba.

"Ramatu, ni da aka haifa ana ruwa kika kai Janairu? Kin ɗora ƙanena a kaina a gaban jama'a."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta hau motar garin Pitowa zuwa wurin gwaggon ubanta Mama Halime, wadda ta ci sunan Malum da na Dawuda.

"Ubanki ana shuka ya zo," in ji tsohuwar. "Dawuda kuwa sai da aka fara tsinkar auduga."

Ramatu ta dawo ta warware aikinta. Ta buɗe wa damina, kaka da rani gurbi a rumbun, ta koya wa shafin jera mutane da su. Duk wanda ba a san ranarsa ba, shafin ya daina yi masa ƙarya. A gaban sunan ubanta ya fito: "Wajen 1952, da damina."

A taro na gaba Dawuda ya duba wayarsa, ya tashi yana dariya, ya miƙa wa Malum goro. Wani baƙo ya tambayi wanda ya yi shafin. Malum bai bari kowa ya riga shi ba.

"'Yata ce," ya ce. "Injiniya ce."