Kifin Yaya da Ya Sauya Kama

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun ɓace mini, amma ranar da yayana ya kira ni maƙaryaciya a kan kifi ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin muna zaune a Rogo Sabon Gari, ina aji biyar na sakandare. Yayana, wanda nake bi, mutum ne mai son abin da bai dami kowa ba. Wata rana ya dawo daga Kano da akwatin gilashi da wani ɗan kifi a leda, tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba. Ya ce sunansa oska, kuma asalinsa ba na ƙasar nan ba ne. Baƙi ne wuluk, da layuka farare da masu ruwan lemo sun lanƙwashe a jikinsa kamar zanen lalle, kansa kuma duk ɗigo-ɗigon fari. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Inna kuwa cewa ta yi, "Kifin da ba za a ci ba, ina amfaninsa?"

Ba a yi wata biyu ba aka tura Yaya bautar ƙasa can kudu. Ranar tafiya ya kira ni gaban akwatin ya ce, "Amana na bar miki. Yadda na bar shi, haka nake so in tarar da shi."

Na riƙe maganar nan da gaske. Nakan sauya wa kifin ruwa da na rijiyarmu, in tono masa tana a bakin lambu, in kamo masa fara. Da damina idan shinge ya fito, ranar sallarsa ce. Ya saba da ni har yana karɓar abinci a hannuna. Da ya yi girma akwatin ya yi masa kaɗan, Baba ya sa aka haɗa masa babba a Karaye. Da yake kullum ina tare da shi, ban lura da yadda layukan nan suka riƙa dusashewa ba. A lokacin waya mai hoto ba ta shigo gidanmu ba, balle in aika wa Yaya ya gani.

Da Yaya ya gama bautar ƙasa ya samu ɗan aiki a can, sai da ya yi shekara ɗaya da rabi sannan ya dawo. Ko ruwa bai gama sha ba ya nufi wajen akwatin, ni kuma ina biye da shi ina jiran yabo. Ya tsaya yana leƙa cikin ruwan. Kifin da ke gabansa ya kusa tsawon tafin hannu da rabi, jikinsa ya koma baƙi-baƙi mai duhun kore, da dabbare-dabbaren ja kamar garwashi. Babu farin layi ko ɗaya. A gindin wutsiyarsa ga wani baƙin tabo da jan zobe kewaye da shi, sai ka ce ido.

"Ina kifina?" in ji shi.

Na ce, "Ga shi nan, Yaya."

"Wannan? Ki ji tsoron Allah. Nawa ya mutu, kika sa aka kamo miki wani a dam ɗin Karaye. Mutuwar ba ta dame ni ba kamar ƙaryar."

Ya miƙa hannu saman ruwan, kifin ya tsorata ya lafe a ƙasa, launinsa ya koɗe. Wannan ya ƙara tabbatar masa. Na rantse, na yi kuka, bai saurare ni ba. Kwana uku ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau. Yanzu abin dariya yake ba ni, amma a lokacin ko tuwo ba na iya haɗiyewa, domin a duniya babu wanda nake so ya yarda da ni kamarsa.

Baba ma'aikaci ne a ofishin hakimi, ya saba da sauraron ƙararraki, don haka bai goyi bayan kowa ba. Sai ya aika wa Kawu, ƙanin Inna, wanda yake su a Karaye tun kafin a haife mu. Kawu ya zo da hantsi a kan babur. Bayan an gama gaisawa ya tsuguna gaban akwatin, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ɗana, babu kifin da ke ruwan nan da bai taɓa shiga komata ba. Wannan ba namu ba ne. Ina yarinyar nan za ta samo shi?"

Yaya ya ce, "To Kawu, layukan fa?"

Kawu ya yi dariya. "Ka taɓa duba 'ya'yan karfasa? Da zane a jikinsu suke tasowa, in sun girma ya dusashe. Kai kana can kana lissafin watanni, shi kana so ya tsaya yana jiranka?"

 Washegari Yaya ya tafi Kano wurin mutumin da ya sayar masa. A can aka nuna masa manyan oska, kowanne da jan dabbare da tabon wutsiya, aka ce masa duk haka suke rikiɗa, kuma babu biyun da zanensu yake zama iri ɗaya. Da la'asar ya dawo ya same ni ina tankaɗe. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "Ƙanwata, na zalunce ki. Ki yafe mini." Inna daga bakin murhu ta ce, "Kai ma da ka tafi babu gemu, ka dawo da shi, wa ya ce an musanya mana kai?" Duk muka fashe da dariya, ni ina yi ina share hawaye.

Kifin ya yi shekaru a gidanmu, har ya saba da hannun Yaya. Yau babu shi, babu Baba, babu Kawu, Allah Ya ji ƙansu. Abin da ya rage mini shi ne darasin. Duk mai rai da ka bari zai ci gaba da girma a bayanka, ba zai zauna yadda ka san shi ba. Shi ya sa idan na daɗe ban ga mutum ba, na tarar ya sauya, nakan fara tambayarsa abin da ya faru a bayana kafin in yanke masa hukunci.