Bindigar Kawu da ta rasa ƙarfi

Akwai wata rana da na san har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba, ranar da muka gano abin da ya rage wa bindigar kawuna ƙarfi. Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai ƙaramin abu ne. A wurinmu kuwa ba ƙarami ba ne.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi a unguwar Ka'akiyya, a ƙasa mai tsarki, bayan rasuwar mahaifina. Ba shi da wani abin shaƙatawa sai bindigarsa ta iska, irin wadda ake ɗura wa iska a tukunyarta kafin a harba 'yan ƙwayoyin dalma. Bai taɓa harbin wani abu mai rai da ita ba. Yakan ce garin da ko tantabara ba a firgitawa, me zai kai shi farauta? Takarda da gwangwani kawai yake harbi, a istirahar wani amininsa, wato gidan hutunsa da ke bayan gari. Da hannunsa ya yi mata gyare-gyare: ya sa mata dogon bututu, ya ƙara mata wani ɗan ƙarfe mai daidaita iska da muke kira munazzim, ya kuma sa wa gudumarta, wadda ke bugun bawul ya saki iska, sifirin mai tauri, wanda sai mai ƙarfi ke iya ɗana ta.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya fito daga mustashfa, wato asibiti, yana takawa, amma hannunsa na dama ya yi sanyi. Likita ya ce ya riƙa motsa shi, Kawu ya ƙi. Mutumin da baƙi ba sa yankewa a majalisarsa ya koma zaman ɗaki, ko labule ba ya so a ɗaga.

Da ƙyar ni da matarsa, wadda nake kira Inna, muka shawo kansa ya bi ni istiraha wata Juma'a da la'asar. Na ɗura iska, na ɗora masa bindigar a kan teburi. Ya kama maɗanin ya ja, sai ga shi ya ɗana ta ba wuya. Ya dube ni kamar wanda aka yi wa albishir. Ya saita, ya danna kunama. Ƙarar da ta fito ba irin wadda muka sani ba ce, wata 'yar raunanniya ce, dalmar kuma ta faɗi ƙasa da takardar. Ya sake, haka. Wadda ta samu gwangwani ma lotsa shi kawai ta yi.

Ya ture bindigar a hankali ya ce, "Khalas, ya waladi, shi ke nan, ɗana. Hannun ya tafi, idon ma ya bi shi. Mai da ni gida."

Ban san abin da ya sa na ce ya bari in gwada ba. Na harba, tawa ma ta faɗi a daidai inda nasa suka faɗi. Na ɗauko na'urarsa ta auna gudun harsashi, muka harba ta cikinta, ta nuna gudun ya ragu ƙwarai a kan yadda ya san shi.

Kawu ya sake duba na'urar, can ya ce, "Ashe ba ni ba ne. Ita ma ba ta da lafiya."

Washegari da hantsi shi ya aiko a kira ni. Na tarar an ɗage labulen majalisa, an shimfiɗa farin ƙyalle, kayan aiki jere a kai. Ya ce, "Kai ne hannu, ni ne kai. Kada ka kwance komai sai na ce."

Muka fara da abu mai sauƙi. Agogon iskar bai sauka ba tun jiya, ke nan tukunyar ba ta yoyo. Duk da haka ya sa na shafa ruwan sabulu a mahaɗai, ba kumfa ko ɗaya. Na goge cikin bututun. Ya sa na ɗora 'yar takarda mai laushi a kan inda ake sa dalma, na harba, takardar ta yi tsalle, alamar iska na tserewa ta nan. Muka canza zoben roban wurin, gudun ya ɗan ƙaru, amma bai kai ko kusa ba. Muka duba munazzim, yana nan yadda ya bar shi. Duk wannan lokacin Kawu yana ta magana, yana nuni da hannun nan da ya ƙi motsawa, bai ma lura ba.

A ƙarshe ya ce in buɗe baya in zaro sifirin ɗin guduma. Da na ɗora masa a tafin hannu, ya matsa shi da yatsu biyu, ya girgiza kai.

"Wannan ba nawa ba ne. Mai laushi ne. Shi ya sa gudumar ba ta iya buɗe bawul sosai, iska kaɗan ke fita. Wa ya taɓa min bindiga?"

Na rantse masa ba ni ba ne. Inna tana tsaye bakin ƙofa da tiren shayi. Ta ajiye, ta fita, ta dawo da wani abu naɗe a hankici, ta miƙa masa. Tsohon sifirin ɗin ne.

Ta ce, "Alhaji, ni ce. Wata rana na leƙo na gan ka kai kaɗai kana ta ƙoƙarin ɗana ta, ka kasa, ka mayar da ita jaka kana share ido. Shi ne na aika wa amininka da ita, na ce ya yi duk dabarar da za ka iya ja. Ban san zai rage mata ƙarfi ba."

Na zaci zai yi faɗa, don ba ya haɗa bindigar nan da komai. Sai kawai ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa. "Hajiya, ashe kin gani." Ta ce ta gani. Ya ce, "Allah ya saka miki da alheri. Zauna ki sha shayi da mu."

Na tambaye shi ko in mayar da tsohon. Ya ce a'a, ba zai iya jan sa ba, kuma ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Maimakon haka ya sa na rage matsin iskar munazzim har ya yi daidai da ƙarfin sabon sifirin. Muna ragewa muna aunawa, sai ga gudun yana hawa. Bai kai na da ba, amma ƙarar ta dawo tsaf, harbi kuma ya daidaita. Ya nuna min wani ɗan noti da ke ƙara wa sifirin tauri, ya ce duk lokacin da hannunsa ya ƙara ƙwari, za mu ɗan murɗa shi.

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Duk Juma'a muna istiraha, wani lokacin har da Inna a kan kujerarta tana ƙorafin zafi. Hannun Kawu bai koma yadda yake ba, tsohon sifirin ɗin kuma bai sake shiga bindigar ba. Amma da wannan hannun ya koma cin abinci, da shi yake gaisawa da mutane a masallaci.

Abin da na koya shi ne, in ƙarfin mutum ya ragu, ba a tsaya ana jiran ya dawo kamar da kafin a ci gaba da rayuwa. Ana daidaita nauyin ne da ƙarfin da ya saura, a fara daga nan. Kuma sau da yawa, kafin mutum ya buɗe baki ya faɗi damuwarsa, akwai wanda ya riga ya gani, yana nema masa sauƙi a ɓoye.