Teburin da Kawu ya hana a yi wa baki

Jiya a wani shagon shayi a unguwar Al Khabaisi kofina ya zame daga kan tebur, sai Kawuna, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Shi ya kawo ni Dubai aikin kafinta. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Na riga ka riƙe zarto."

Wani Balarabe ya ba mu aikin kafa tebur a ɗakin cikin jirgin ruwansa, irin mai tafiya da iska. Ɗakin ƙunci, ga zafi, ga warin gam da gumi. Ina durƙushe ina ɗaure noti, na ce, "Kawu, a kewaye bakinsa da siririn katako. Jirgi karkacewa yake, kofi zai zame."

Ya daka mini tsawa. "A Kano ka taɓa ganin tebur da katanga? Na riga ka riƙe zarto!"

Ranar gwaji, iska na kaɗa jirgin, shayi ya tuntsure a kan farar rigar mai jirgi. Kawu ya nuna ni da yatsa, idonsa ƙyar a kaina, ya ce wa mai jirgi: "Sai da na gaya masa, ya ƙi ji."

Balaraben ya dube ni ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. A nan aikina ya ƙare, ga iyali a gida suna jira. Har Kawu ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Allah ya sassauta mini zuciya, don har yau ban yafe ba.