Ranar da Yaya Sale Ya Ƙi Fitowa a Kwamfuta

Wata Asabar da damina, ina aji biyar a firamare, direban motar haya ya kawo mana faifan bidiyon faretin yaye sojoji da Yaya Sale ya aiko. Shekara guda ke nan ba mu sa shi a ido ba. Kafin la'asar falon gidanmu na unguwar Lokos ya cika, maƙwabta a tabarma, yara a taga, kakarmu Dada a kujerar Baba, ta ɗaura sabon kallabi kamar jikan nata zai gan ta. Ni kuwa aka ɗauke mini wanke-wanke, don ni ce na iya kunna tsohuwar kwamfutar gidan.

Ina saka faifan, ganguna da ƙarar takalma suka cika ɗakin, allo kuwa baƙi ƙirin. Dada ta ce, "Au, cikin duhu suka yi faretin?" Baba, malamin lissafin da bai yarda akwai abin da ya fi ƙarfinsa ba, ya hure faifan, ya goge shi da hannun riga, ya ɗan mari kwamfutar. Muka gwada wata manhajar. Wannan karon hoto ya fito babu murya, sojoji kore shar har fuska, suna tsalle kamar kwaɗi. Dada ta hau salati, tana cewa ba haka ta ba su yaronta ba.

Madam Rifkatu, maƙwabciyarmu mai buga takardu a sakatariya, ita ta cece mu. Ta ce wa Baba, "Malam, faifan lafiyarsa ƙalau. Kowane bidiyo da yarensa. Manhajarka Hausa kawai take ji, shi kuwa Tangalanci yake mata." Ta ciro filashin kwamfuta daga jaka, ta saka mana wata manhajar mai jin yaruka da yawa. Nan take hoto da murya suka daidaita. Ga sojoji birjik, kaya ɗaya, aski ɗaya. Dada ta nuna wani dogo, ta rangaɗa guɗa, ta yi ta sa masa albarka. Yaya Sale gajere ne, yana bayan dogon, kunnensa kaɗai ya fito. Ba wanda ya gyara mata. Da ya zo hutu, ta ƙare masa kallo ta ce wahalar soja ta rage masa tsawo.

Yanzu wayata tana buɗe duk bidiyon da aka turo, ni kaɗai nake kallo, galibi ba na kaiwa ƙarshe. Wancan kunnen kuwa, sau bakwai muka mayar da faifan baya don mu sake ganinsa.