Ɗorawar da Kawu Sada Ya Sare

Kawuna Sada manomi ne a Kiyako. Fim ɗaya ya taɓa kallo a rayuwarsa, kuma shi ya gama da shi. Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, motar majigi ta zo garinmu, aka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa. Aka nuna wani manomi a kan tarakta yana keta shimfiɗaɗɗiyar gona, babu ko itace ɗaya a cikinta. Kowa ya yi tafi ya manta, ban da Kawu.

Da rani ya ɗauki gatari ya sare ɗorawa bakwai da kakana ya bari a gonar, wai kada tarakta ta rasa wurin juyawa. Matarsa, Inna Hapsatu, da kalwar itatuwan nan take yin daddawar sayarwa. Ta ce, "Malam, ka bari motar ta zo tukuna." Ya ce mata ba ta ga abin da ya gani ba.

Da arzikin man fetur ya samu, tarakta ta iso Birnin Kudu. Kawu ya yi ta zarya a keke yana ba da suna, damina bayan damina. Gonakin masu hannu da shuni take nomewa, ta wuce tasa ta nufi Gwaram. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Da fartanya ya tsufa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana noma, sai da muka ɗauke shi zuwa gonar maƙwabci kafin muka sami inuwar da za mu kwantar da shi.