Zibrim da Kwamfutar 'Yar Alhaji Sumani

A Salaga aka haifi Zibrim, a gidan masu gyaran rediyo, amma a Yendi ya yi suna. Shagonsa yana bayan tasha, ɗan tsukuku, sai mutum ya karkace kafin ya shiga. Shekara goma sha biyar ke nan yana haɗa wa mutane kwamfutar tebur, kuma ba ya son dogon bayani, don shi mutum ne mai nauyin baki.

Wata Talata Alhaji Sumani, dillalin dabbobi daga Bawku, ya zo masa. 'Yarsa Atikatu ta gama koyon zanen gine-gine, tana bukatar kwamfuta mai ƙarfi. Zibrim ya ce a bar masa sayen kayan, domin ba kowane sashe ke shiga ɗan'uwansa ba. Alhaji ya ƙi. Ya ce tun da ya yi wayo babu wanda ya taɓa zaɓar masa abin saye. Dole Zibrim ya rubuta masa sunayen kayan a takarda.

Takardar ta bi wanki a aljihun riga. Alhaji ya bugo waya daga tsakiyar kasuwar shanu, Zibrim ya karanto masa komai cikin hayaniya, har da ram guda biyu, iri ɗaya, kada su bambanta.

Bayan mako biyu sai ga Alhaji da motar kaya. Ya miƙo madabod, babban allon da ake dasa komai a kansa, wanda ya zaɓa don ya fi sauran faɗi. Ya miƙo firosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, wadda ya auna a tafin hannu ya ji ta fi nauyi. Sannan ya buɗe bayan mota ya sauko da raguna biyu farare, domin a Turancin da ya sani, rago ake ce wa ram.

"Ga ram ɗinka," in ji shi. "Tagwaye ne, ko uwarsu ba ta bambanta su."

Zibrim ya daɗe yana kallon ragunan. Sannan ya bayyana cewa ram ɗinsa ɗan siririn allo ne, bai kai tsawon tafin hannu ba. Ya kuma nuna masa firosesar ba ta shiga gurbinta. Alhaji ya ba da shawarar a kai wa maƙeri ya ɗan goge gefenta.

"Alhaji, don Allah ba ni lambar Atikatu," in ji Zibrim.

Ashe ita ta san abin da take so tun farko, ba a dai tambaye ta ba ne. Ta kai kayan Tamale ta canjo waɗanda suka dace, kwana uku kwamfuta ta tashi. Raguna kuwa Alhaji ya rantse ba zai koma da su ba, tunda da bakinsa Zibrim ya nema.

Suka zauna ɗaure a ƙofar shago, labari ya bazu cewa Zibrim ba ya haɗa kwamfuta sai da dabba. Ya ƙaryata har ya gaji. A watan jiya wani malamin makaranta, Musah, ya taso daga Bimbilla da akuya a bayan babur, yana tambaya ko za ta isa, tunda shi ƙaramar kwamfuta yake so, ta buga jarrabawa kawai. Zibrim ya ba akuyar ruwa, ya zaunar da malamin a benci, ya soma bayani tun daga farko.